Benen Nagoda Mai Leƙen Gidajen Mutane

A Tudun Wadan Zariya, a bakin titin da ke gangarawa kasuwa, akwai wani tsohon sito mai bene wanda tun zamanin cinikin auduga ake jibge kaya a cikinsa. Ƙasansa hatsi ake ajiyewa, samansa kuwa an bar wa jemagu. Siton na gado ne, makullinsa kuma yana ɗaure a haɓar zanen Gwaggo Mairama, ƙanwar marigayi mai shi, tsohuwar da ba ta wasa da yaro kuma ba ta maimaita magana. Marigayin ya bar 'ya'ya maza biyu. Ƙaramin shi ne Uzairu, ɗan kasuwar hatsi, mai iyali, wanda ba ya buɗe baki sai ta kama dole. Babban kuwa shi ne Nagoda, wanda Allah ya wadata shi da baki amma ya rage masa kunne.

Nagoda ya yi 'yan shekaru a Legas, ba wanda ya san takamaimiyar sana'arsa a can. Ya dawo da jaka guda, da baƙin tabarau, da wata irin tafiya ta buɗe hannuwa kamar mai maruru a hammata. Bai gama hutawa ba ya hau saman siton, ya tattaka kashin jemagu, ya sauko yana washe baki. Ya tarar da 'yan majalisar mai shayi, ya shaida musu cewa mutanen Zariya a kan arziki suke kwana ba su sani ba. A manyan birane, in ji shi, irin waɗannan tsofaffin situna su ne gidajen masu hannu da shuni. A fasa bango a sa gilashi tun daga ƙasa har rufi, ba a raba ɗaki, gado da murhu da kujeru duk a fili guda, sunan abin wai lof. Shi zai yanka saman nan gida-gida ya sayar, kuma kafin a ankara manyan Abuja za su riƙa roƙonsa a waya.

Malam Yusha'u tela, wanda gidansa ke bayan siton, ya tambaye shi inda mutum zai sauke baƙo tun da babu zaure, da inda matar gida za ta shige idan baƙon ya shigo.

Nagoda ya ce, "Malam, masu sayen irin wannan gida ba su da baƙon da ke zuwa ba tare da ya bugo waya ba."

Malam Yusha'u ya ce, "To ai marayu za ka nema."

Ya tafi wurin Gwaggo Mairama neman makulli. Ta bar shi ya yi ta zuba tana ɓarar gyaɗa, har ya kai inda za a sa sunansa a jikin bango da fitila mai ƙyalli. Sannan ta kunce makullin ta ajiye a kan faifai.

Ta ce, "Daga nan zuwa babbar Salla. In ka sayar, ka sayar. In ka kasa, ko ka ja mini magana da maƙwabta, siton sama da ƙasa Uzairu ne zai juya shi, kai kuma ka dawo ƙarƙashinsa ka ɗauki buhu."

Nagoda ya yi dariya ya cafe makullin. Amma dariyar iya baki ta tsaya, don babu abin da yake tsoro a duniya kamar a wayi gari ya zama yaron ƙanensa, wanda shi ya koya masa ɗaura wando.

Ya sayar da rabonsa na gonar Dutsen Abba aka fara aiki. Jemagu suka ƙi tashi. Nagoda ya ce ya san maganinsu, ya tara garwashi a kasko ya zuba barkono. Jemagun ko gezau, hayaƙin ne ya sauko ya bi titi ya shiga masallaci ana tsakar sallar la'asar. Liman ya kai raka'ar ƙarshe da tari, mamu suka fito da jajayen idanu suna neman wanda za su yi wa nasiha da hannu. Nagoda ya ɓuya a bayan buhunan Uzairu har aka watse.

Da aka zo kan bango, ya hana a yi filasta. Ya ce a bar bulo tsirara, a bar bututun ruwa a waje kowa ya gani, haka ake yayi. Mutanen unguwa da suka leƙa suka fito suna girgiza kai, suka ce kuɗin yaron nan ya ƙare kuma kunya ta hana shi faɗa. Ranar da ya tafi Kaduna ɗauko gilashi, dattawa suka haɗa hannu saboda darajar mahaifinsa, aka kawo birkila ya shafe bangon sumul, har da farar ƙasa. Ya dawo ya tarar da su a ƙofar sito suna jiran godiya. Ya yi godiyar kamar ana zare masa haƙori, washegari ya sa aka kankare. Dattawan suka ce ashe ba talauci ba ne, taɓuwa ce.

Duk wannan wasa ne. Rigimar gaske ta zo ranar da aka fasa bangon baya aka kafa gilashi. Gaban siton titi yake kallo, amma bayansa jerin gidajen mutane ne waɗanda ƙofofinsu ke can wani lungu dabam. Ana yaye kwanon da aka kare aikin da shi, sai ga tsakar gidaje a shimfiɗe kamar an buɗe tukwane. Ishatu matar Malam Yusha'u tana daka da ɗaurin ƙirji, ta ɗaga kai ta ga ƙarti jere a sama sun zuba mata ido. Ta yar da taɓarya ta afka ɗaki, kaji suka hau turmin. A gidan da ke gefe kuwa akwai Inna Siddiƙa, tsohuwa da ta daɗe da fita takabar mijinta, wadda duk lungun ke shakkar harshenta. Ita ba ta gudu ba. Ta kifa ƙwarya a ka, ta tsaya ta ambaci ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya da sunayen iyayensu.

Abin da ya sa ran mutane ya ɓaci, ba baƙon abu ba ne. Kowa ya sani, ko mai gyaran kwano ne, ko mai sare reshen bishiya, ko mai ɗaura wayar wuta, ba ya hawa inda zai hango cikin gidan wani sai ya ɗaga murya ya ce a kimtsa za a hau sama, ya kuma dakata mata su suturta. A nan aka haifi Nagoda, ya san haka sarai. Legas ce ta wanke masa kai da sabulun da bai dace ba.

Magidanta suka kai ƙara wurin Mai unguwa Ɗantsoho, suka ce a toshe tagogin nan da bulo. Nagoda ya miƙe a zaure yana bayani da hannu biyu. Ya ce tagogin su ne hajar, wanda ya tsaya a wurin yana hango har duwatsun Kufena, kuma masu kuɗi sama suke kallo, ba su da lokacin leƙen tukunyar wani. Malam Yusha'u ya ce shi ma'aikatan da ya gani ba Kufena suke kallo ba. Mai unguwa ya yanke cewa ko dai a toshe, ko kuma duk mai hawa benen nan ya yi sanarwa kamar yadda aka gada.

Nagoda ya ce, "Ranka ya daɗe, sanarwa kawai? Ai zan yi muku wadda ba a taɓa yi ba a ƙasar Zazzau."

Ya tafi Sabon Gari ya sayo lasifika irin ta masu tallar magani, ya kafa a kan rufi. Ya sa aka ɗauki muryarsa, aka ja waya aka ɓoye a ƙarƙashin katakon matakalar farko, yadda duk wanda ya taka sai ta yi magana. Kuma saboda ba ya iya barin dama ta wuce, ya haɗa da talla. Ana takawa sai unguwa ta ɗauka: "Masu gida a kimtsa, za a hau sama. Gidajen zamani na Nagoda, saura kaɗan."

Ranar farko har yabonsa aka yi. Amma katako bai san mai hawa da mai sauka ba. Leburori suna hawa da yashi ta yi magana, suna saukowa ta yi magana. Wanda ya manta cebur ya koma, ta yi magana. Akuyar Gwaggo Mairama ta gano katakon yana da sanyi, ta mayar da shi wurin ƙailula, duk juyin da ta yi sai an kimtsa. Mata suka wuni a guje tsakanin murhu da ɗaki. Tuwo ya yi gudaji, miya ta kama, wanki ya kwana a baho, an bar jarirai da kumfa a ka. Mai kitso ta daina zuwa lungun, don ba ta taɓa kai layi ƙarshe ba tare da mai kan ta fizge ta gudu ba, har ya zama rabin matan wurin da rabin kitso suke yawo a ƙarƙashin ɗankwali. Kajin Ishatu ma suka koya, da sun ji muryar Nagoda sai su yi cikin akurki.

Malam Yusha'u ya zo majalisa da malmalar tuwo a cikin kwano, baƙa ta ƙasa, ɗanya ta sama, ya ajiye a gaban Nagoda ya ce bisimilla, tun da shi ya dafa. Nagoda ya ce ci gaba ba ya zuwa sai an ɗan sha wahala. Malam Yusha'u ya ce to ya ɗan sha tasa, ya tsaya a kansa har sai da ya kai loma.

Matan suka ga gudun ba zai ƙare ba, suka yi shawara a tsakaninsu. Aka sayo dogayen gora aka kakkafa a jikin katangu. Aka ɗaura tsofaffin tabarmi, da buhunan taki, da yagaggun zannuwan gado, da wata katifa da ta ga zamani, duk aka ɗaga su sama daidai tagogin. Malam Yusha'u ya ɗinke su da kekensa kyauta, inda aka sami giɓi ya cike da tsohon wandonsa.

A haka masu saye suka fara zuwa. Na farko wani malamin jami'a ne daga Samaru, wanda aka yi wa alkawarin duwatsun Kufena. Ya tsaya a gaban gilashi ya gyara tabarau, ya daɗe yana duban wandon nan yana kaɗawa, sannan ya tambaya ko da shi ake sayarwa. Bai jira amsa ba ya sauka.

Na biyu Alhaji Auwal ne, dillalin dabbobi daga Kwangila, ya zo da matarsa. Matar ta zagaya ta ce ita ba ta ga inda za ta kafa turmi ba. Nagoda ya buga ƙafa a daɓe ya ce nan ko giwa ta yi rawa. Aka aro turmi aka hau da shi, ta yi luguden gwaji, ƙasa ta zubo daga rufin ƙasa ta rufe masarar da Uzairu ke aunawa. Uzairu ya fito fari fat, ya ɗaga kai ya duba, ya koma ya ci gaba da awonsa. Shi kuma Alhaji Auwal ya ce ba ya sayen gidan da ragon layyarsa ba zai kwana a ciki ba. Nagoda ya ce ai rago ma sai ya fi jin daɗin sama, iska ta ko'ina. Aka jawo wani ƙaton rago daga bayan mota, mutum biyu na ja mutum biyu na turawa, lasifika na ta sanarwa. Ragon yana isa ya hango wani rago a cikin gilashi yana harararsa. Ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, ya tafi da gudu. Gilashin ya tsage daga sama har ƙasa kamar an zana reshen bishiya.

Nagoda ya share gumi ya ce, "A Legas ƙarin kuɗi ake biya a yi wa mutum irin wannan zanen."

Alhaji Auwal ya ce, "To ka biya ragon ladan aikinsa."

Salla ta matso, raguna sun cika titi, ko gida ɗaya ba a saya ba. Nagoda ya fara ramewa. Duk lokacin da ya wuce ya ga leburorin Uzairu suna nishi a ƙarƙashin buhu sai ya ji wuyansa na ciwo. Ana nan sai waya ta shigo daga Abuja. Wani Alhaji Kailani ne, babban ɗan kwangila, ya ga hoton da Nagoda ya watsa, wanda ya ɗauka yana kwance a ƙasa don kada komai ya fito sai gilashi da sararin sama. Alhajin ya ce yana neman masauki a Tudun Wada saboda maiɗakinsa 'yar unguwar ce, tana son in sun zo ta kasance kusa da gida. Nagoda bai ji wannan ba, yana can yana ba shi labarin manyan da ya yi hulɗa da su a Legas. Abin da ya shiga kunnensa kawai shi ne za su zo jajibirin Salla, kuma in ya yi musu za su ɗauke saman gaba ɗaya.

Uzairu ya tare shi a ƙofar sito ya ce, "Yaya, ka kuwa san wane ne wannan Alhaji Kailanin?"

Nagoda ya ce, "Mai kuɗi ne. Sauran bayanin ka auna shi a mudu ka sayar."

Uzairu ya koma wurin awonsa.

Saura tsummokaran nan. Nagoda ya bi magidanta ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa, ya kira wannan Baba ya kira wancan Kawu, ya roƙi a sauke su na wuni guda tak. Ya rantse ya maya cewa lasifika tana nan, ba mai taka matakala sai unguwa ta ji. Matan ma suna son rana ta shigo musu saboda wankin Salla, aka amince aka sauke. Ya ɗaure akuyar Gwaggo, ya sallami leburori, ya ja labule ya rufe tsagar rago, ya goge sauran gilashin har yana ɗaukar ido.

Da hantsi ya ji jiniyar motoci daga nesa, sai wani tunani ya faɗo masa. Yaya babban mutum zai sa ƙafa a matakala, murya ta fashe a kansa kamar ana tallar maganin basir? Zai tambayi dalili, dalilin kuma ba mai daɗin faɗa ba ne. Nagoda ya waiga hagu da dama, ya sunkuya ya zare wayar.

A bayan sito kuwa, mata sun ji shiru sun ɗauka baƙon bai iso ba. Rabon da su sami irin wannan sakewa har sun manta. Aka baje a tsakar gida, masu wanki na yi, masu suyar cincin na yi. Inna Siddiƙa ta lallashi mai kitso ta dawo. Ta zauna a tabarma a tsakiyar gidanta, kai a buɗe, rabi a tsefe rabi a kitse, ƙafafu biyu da hannu ɗaya ƙunshe da lalle an ɗaure su a leda.

Motoci suka tsaya, jama'a suka taru. Alhaji Kailani ya fito cikin babbar riga mai aiki har gwiwa, mutanensa na biye. Maiɗakinsa Hajiya Surayya tana fitowa ta hango Gwaggo Mairama a kan kujera a ƙofar sito, ta durƙusa gaishe ta, suka shiga tambayar mutanen gida, ta ce su hau tana tafe. Nagoda ya shige gaba yana bayani. Ya nuna bulo, ya nuna bututu, ya ce ko a Legas sai an tona kafin a sami irin wannan. Alhajin yana gyaɗa kai, har ya ce a kira lauyansa a waya. Nagoda ya ji kamar ya tashi sama. Don ya ƙarasa burge shi, ya ja shi har bakin gilashi, ya tura wata 'yar taga ya ce Alhaji ya ji irin iskar da zai riƙa sha.

Alhaji Kailani ya dubi Kufena, sannan idonsa ya sauko ƙasa.

A nan sai an yi wa mutumin adalci. Ya daɗe da auren Hajiya Surayya, har sun aurar da 'ya. Amma shi mutum ne mai kunya irin ta da. Duk zuwansa gidan surukai ta lungu yake bi, a zaure yake tsayawa, ya tuɓe takalmi ya tsugunna, kansa a ƙasa, surukar ta amsa daga bayan ƙofa. Bai taɓa taka tsakar gidan ba, bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskarta ba. Muryarta kawai ya sani.

Alhajin ya nuna da baki yana murmushi ya ce, "Wannan tsohuwar fa? Kai kamar gonar da aka yi rabin girbi aka gudu."

Mutanensa suka fashe da dariya, don dariyar maigida ba a barinta ita kaɗai. Nagoda ya fi kowa, har da dafa gilashi. Ya ce ai wannan kyauta ce a kan ciniki, ba sai Alhaji ya sayi talabijin ba, kuma in ta dame shi a saye gidan a mayar da shi wurin ajiye motoci.

Dariyar ta bi ta 'yar tagar ta sauka. Mai kitso ta ɗaga kai, ta saki tsinke ta ruga ɗaki. Gida-gida aka ji faɗuwar kwanoni da gudun mata. Inna Siddiƙa ta yunƙura, ƙunshi ya hana ta, ga ɗankwali can a kan igiya. Sai ta koma ta zauna daram, ta ɗaga fuska ta ce, wane marar tarbiyya ne uwarsa ta sake shi yau?

Murmushin Alhaji Kailani ya bushe a fuskarsa. Wannan murya ko a mafarki ya ji ta sai ya nemi takalminsa ya cire. Daidai nan Hajiya Surayya ta ƙaraso, ta leƙa ta gefen kafaɗarsa, ta dafe ƙirji.

Ta ce, "Alhaji, Inna ce."

Alhajin ya zube. Ya fizge takalma, ya tsugunna, ya cusa kai tsakanin gwiwoyi. Amma gilashin Nagoda har ƙasa yake, tsugunnon bai ɓoye komai ba, sai ma ya zama kamar an ajiye shi a kan kantar shago don a gani. Mutanensa da suka ga maigida a ƙasa, su ma suka zube suka tuɓe takalma, aka yi layi a jikin gilashi kamar masu jiran hukunci. Cikin ruɗewa bakinsa ya yi abin da ya saba, ya ce, "Ina kwana, Inna."

Inna Siddiƙa ta kare ido da hannun da ba lalle, ta dube shi da kyau, abin da ita ma ba ta taɓa yi ba.

Ta ce, "Kailani ne? Ashe haka kake. To ka gama ganin wannan gefen, ko in juya maka wanda ba a girbe ba?"

Alhajin ya fara ja da baya da rarrafe, babbar riga na naɗe masa ƙafa. Nagoda ya bi shi a sunkuye yana cewa ai wannan ma alheri ne, ga gida kusa da dangi, kullum da safe sai dai a buɗe taga a gaisa, ba sai an zagaya lungu ba. Hajiya Surayya ta dube shi sau ɗaya, ya haɗiye sauran.

A ƙasa kuwa Malam Yusha'u ya zagayo a fusace, don Ishatu ta ƙone da man suya wajen gudu. Ya tarar da waya a zare, ya ɗaga ta ya nuna wa jama'a, sannan ya mayar da ita mazauninta. Baƙi suka fara gangarowa, Alhaji a gaba, ba takalmi, hula a hannu. Kowa ya taka katakon sai rufi ya amsa, a kimtsa za a hau sama, gidajen zamani na Nagoda, saura kaɗan. Haka ta yi ta yi har na ƙarshe ya fito, titi ya cika maƙil, masu raguna sun bar ciniki sun zo kallo.

Sai ga matan lungu sun ɓullo ta kwana cikin hijabai, wasu da muciya, wasu da ludayi. A gabansu Inna Siddiƙa ce, an yafa mata mayafi, tana jan ƙafa a cikin ledar lalle, fyaɗ, fyaɗ, jama'a na buɗa mata hanya. Alhaji Kailani ya sake zubewa a tsakiyar titi, ya ce a yafe masa, wallahi bai sani ba. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta wuce ta tsaya a gaban Gwaggo Mairama.

Ta ce, "Mairama, tare muka yi 'yan mata da ke. Yau a gidanku aka hau da surukina sama aka nuna masa kaina."

Gwaggo Mairama ta waiga. Ta miƙa tafin hannu wajen Nagoda ta bar shi a buɗe. Nagoda ya ce ai Salla sai gobe, wa'adi bai cika ba, kuma akwai wani Alhajin a Fatakwal da ya fi wannan kuɗi, ba shi da kowa a Zariya, ya bincika. Hannun bai motsa ba. Ya dubi Mai unguwa, Mai unguwa ya dubi raguna. Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya ce kamar ya bar shi a sama. Gwaggo ta ce yana wuyansa. Ya ciro igiyar ya ɗora mata, ta juya ta miƙa wa Uzairu a gaban kowa.

Alhaji Kailani ya bar garin ba tare da ya koma ɗaukar takalmansa ba. An ce ya aiko da goro da turamen atamfa da sa guda, Inna ta karɓi san ta ce tana nan tana tunani a kan sauran.

Bayan Salla Uzairu ya cika saman da masara. Ya sa aka jera buhuna a jikin gilashin tun daga ƙasa har rufi, ko allura ba ta leƙawa, aka kwance lasifika aka ba masallaci. Mata suka koma daka a tsakar gidajensu, kitso ya riƙa kaiwa ƙeya.

Nagoda kuwa yana nan, da gammo a aljihu. In ya sami sarari yakan zo majalisar mai shayi, wuya a sanƙare, ya shaida musu cewa shi ne shugaban sashen sama, kuma yana da wani shiri a kan tsohuwar rijiyar bayan kasuwa wanda in ya faɗa ba mai iya barci. Rannan ya kai daidai inda za a sa wa rijiyar matakala mai tafiya da kanta, sai Uzairu ya leƙo daga ƙofar sito, ya ɗan rusuna kamar yadda ya saba yi wa na gaba da shi.

Ya ce, "Yaya, in ka gama bayanin, mota ta iso."